Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Jawabi a Kan Ƙiba, Launin Fata da Mutanen Gaya da Ajingi

 

An ce in yi magana a kan ƙiba. Na san akwai waɗanda tun da suka ji kan maganar suka yi murmushi, suna cewa a ransu: mutumin Gaya ko na Ajingi, ina ya ga abincin da zai yi ƙiba har a tara jama'a a kanta? Tambayar tana kan hanya, zan kuwa zo kanta. Amma ina roƙon ku bar ni in fara bi da ku ta Amurka, domin can aka yi wani bincike wanda ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Da farko dai, mu san abin da likitoci ke kira ƙiba. Suna auna nauyin mutum da kilo, su auna tsawonsa da mita, sa'an nan su raba nauyin da tsawon sau biyu. In abin da ya fito ya kai 25, sai su ce nauyi ya fara wuce kima. In ya kai 30, ƙiba ke nan. Alal misali, mai tsawon mita 1.7 in ya kai kilo 87 ya shiga sahun masu ƙiba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙago wannan awo a shekarun 1830, jikin Turawa kuwa ya auna. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Abin da ya sa ake damuwa shi ne kitse in ya taru, musamman a ciki, yakan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon ƙoda, da ciwon gwiwa.

To, a tsakanin 1996 da 1999 masu bincike a Amurka suka tara mutum 3,234 a cibiyoyi 27, dukkansu masu nauyi waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Sunan aikin, in an mai da shi Hausa, Shirin Kandagarkin Ciwon Sukari. Aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar metfomin, kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, kashi na uku kuwa aka sa su gyara hali. Gyaran halin nan shi ne abin dubawa. An haɗa kowane mutum da mai horo nasa, ya ɗauki darasi 16 cikin makonni 24 na farko. An ce ya rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsa, watau mai kilo 90 ya zubar da kilo 6 da 'yan kai. An ce ya yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. An ba shi littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya sa a baki, ya kuma riƙa hawa sikeli. Da aka buga sakamako a 2002, sai ga shi masu gyaran hali sun rage haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100, masu shan ƙwaya kuwa kashi 31. Ashe ƙafa da cokali sun fi ƙwaya aiki. Duniya ta ɗauka, ƙasashe suka yi ta kwaikwayo.

Amma Amurka ƙasa ce da ba a cika takarda sai an rubuta launin mutum. Kusan kashi 45 cikin 100 na mutanen nan ba Turawa ba ne: akwai baƙar fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'yan asalin ƙasar na fari, da mutanen Asiya. A 2008 wata mai bincike, Delia West, ita da abokan aikinta suka sake buɗe lissafin, suka kasa shi bisa launi da jinsi. Abin da suka gani shi ne, a cikin masu gyaran hali kowane rukuni ya rage nauyi kusan daidai da ɗan'uwansa, ban da guda: mata baƙar fata. Su abin da suka rage ya gaza na kowa ƙwarai. Wani babban bincike kuma mai suna Look AHEAD, wanda aka fara a 2001 da masu ciwon sukari 5,145, shi ma ya nuna a shekarar farko baƙar fata ba su kamo Turawa ba wajen rage nauyi.

Nan ne fa maganar take da santsi. Mai gaggawa zai ce ai shi ke nan, jini ne, haka Allah Ya halicci baƙin mutum. Wani kuma, mai mugun nufi, zai ce lalaci ne. Gaskiya ne wasu masu bincike sun auna sun ga cewa jikin matan baƙar fata na Amurka, in ana hutawa, yakan ƙona abinci ƙasa kaɗan da na Turawa masu nauyi ɗaya, ban kuwa raina wannan ba. Amma ku dubi sauran shaidu. A cikin waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, mata baƙar fata sun rage nauyi daidai da kowa. Ƙwaya ba ruwanta da unguwar da kike zaune ko yawan 'ya'yanki. Shawara ce take da ruwa da waɗannan. Na biyu, a binciken Look AHEAD, da aka kai shekara ta takwas tazarar nan ta ragu ƙwarai, domin waɗanda suka yi zarra da farko sun mai da kaso mai yawa na abin da suka zubar. Sannu ba ta hana zuwa. Na uku, duk da bambancin sikeli, kāriyar da aka samu daga ciwon sukari ta game kowane launi.

Shaidar da ta fi gamsar da ni kuwa daga gida ta fito. Richard Cooper na Jami'ar Loyola ta Shikago ya haɗa kai da likitocin Ibadan da na Kamaru da na Jamaika, suka auna baƙar fata tun daga Afirka ta Yamma har tsibiran Karibiyan, har Amurka. Tsatso ɗaya ne, cinikin bayi ya raba su. Sakamakon da suka buga a 1997 ya nuna masu hawan jini kashi 16 cikin 100 ne a Afirka ta Yamma, 26 a Karibiyan, 33 a Amurka, nauyin jiki ma haka ya yi ta hawa kamar tsani. A 2016 an buga makamancin wannan a kan 'yan Gana zalla: matan ƙauyen Gana masu ƙiba kashi 8 ne cikin 100, na biranen Gana 34, waɗanda suka koma Landan 54. Jinin bai sāke ba a cikin jirgi. Abin da ya sāke shi ne tukunya, da aiki, da abin hawa, da aljihu.

Saboda haka masana suka koma suna tambayar abin da ya kamata a tambaya tun farko: wa aka auna aka ɗinka masa wannan shiri? Sai aka ga macen da aka ce ta yi tafiyar minti 30 kullum, wataƙila aiki biyu take yi, ga yara, unguwarsu kuma ba ta fituwa in rana ta faɗi. Abincin da aka zana mata a littafi ba shi uwarta ta koya mata ba, ba shi ake sayarwa kusa da gidanta ba, in ma akwai ya fi ƙarfin aljihunta. A danginta mace mai jiki ita ce kyakkyawa. Har maganar gyaran gashi an bincika, aka tarar mata da yawa suna gudun motsa jiki don kada gumi ya ɓata kan da suka kashe wa kuɗi da yini guda. 'Yan'uwana mata da ke nan sun san wannan ba abin dariya ba ne. Bugu da ƙari ga rashin yarda. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don kawai a ga yadda ciwon ke cin mutum. Wanda aka yi wa kakansa haka ba ya sakin jiki da mai farar riga. Mu Kanawa ba sai an yi mana dogon bayani ba: gwajin maganin Trovan a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, duk muna da labari.

Yanzu mu komo gida, mu bi hanyar Wudil mu shiga Gaya, mu ƙarasa Ajingi. A nan duk launinmu ɗaya. Ba'amurke in ya zo da takardarsa, gida ɗaya zai zuba mu. Amma wa zai ce manomin da ya yini yana huɗa da akawun da ya yini a kujera a sakatariyar ƙaramar hukuma jikinsu abu ɗaya yake so? Manomi da damina ramewa yake yi, domin lokacin da aiki ya fi tsanani shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai kaka ta yi ya murmure. Akawu kuwa damina da rani duk ɗaya ne a wurinsa. Katangun da suka raba mu su ne gari da ƙauye, namiji da mace, mai albashi da mai fartanya, matar da ke fita da matar da ke kulle.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Ita dai wannan ƙididdiga ta nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga amsar mai murmushin ɗazu. Yunwa da ƙiba ba kishiyoyi ba ne da ba sa zama gida ɗaya. Sau da yawa ma ɗaya ce ke share wa ɗaya hanya. A 1992 wasu likitocin Ingila biyu, Nicholas Hales da David Barker, suka kawo bayanin cewa ɗan da ya sha ƙarancin abinci tun yana ciki ko yana goye, jikinsa yakan ginu a kan tattali, kamar gidan da ya saba da fari. In ya girma ya faɗa cikin wadata, sai jikin ya kāsa ɗaukarta, sukari da hawan jini su same shi da wuri. An ga haka a kan 'yan Holan da aka yi cikinsu a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945.

Jama'a, wane ne wannan yaro in ba mu ba? Yawancinmu a ƙauye aka yaye mu da kunu da ɗumame, muka yi kiwo, muka taka sayyada zuwa firamare. Gobe in Allah Ya yarda za a ba mu tebur da kujera, mu sayi babur, daga baya mota. Karin kumallo ya koma shayi mai cokali huɗu na sukari da madara da burodi. Rana shinkafa da mai da lemon kwalba. Dare tsire a majalisa. Shekara biyar ba za a yi ba sai teɓa ta ɗago 'yar shara. In ka je gida da salla, Inna ta dube ka ta ce, "Alhamdu lillahi, aiki ya karɓe shi." Ba kuwa laifinta ba ne. Ita a zamaninta ta ga 'ya'ya sun mutu da tamowa, ba ta taɓa ganin wanda ƙoshi ya kashe ba.

Wannan shi ne dutsen farko da shirin aro zai yi karo da shi. Can ana taya mutum murna in ya rame; nan jaje ake yi masa. Magidanci in ya zube, a ce bashi ne ko karayar arziki, wasu su koma gefe suna raɗar ƙanjamau. Matar aure in ta zube, a ce miji ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa ta gaba, har iyaye su aiko a ji ko lafiya. Shi ya sa a lokacin da wata duniyar ke neman maganin ramewa, 'yan matanmu na sayen ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Galibi abin da ke ciki deksametason ne, ko wani maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Shi deksametason magani ne na gaske a hannun likita, amma in aka daɗe ana sha sai ya kumbura fuska da ciki, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Amarya ta yi kyau mako biyu, ta ɗauki jinya ta shekaru. Ba mu kaɗai ba ne: a Jamhuriyar Nijar akwai al'adar ɗura wa mata abinci a wurin Zabarmawa da Larabawan Azawak, haka nan a Muritaniya.

Sa'an nan ku ɗauki darussan nan ɗaya-ɗaya ku gwada su a wani gida a Ajingi. An ce rubuta abin da ka ci. Da wane rubutu, boko ko ajami, kuma wa zai karanta? An ce auna rabonka. Mutum biyar ne suka sa hannu a akushi guda. Loma nawa ce taka? An ce sāke abin da kake dafawa. Maigida ba ya girki, uwargida kuma ba ita ke cefane ba. In ka koya wa ɗaya ka bar ɗaya, ka zuba ruwa a kwando. An ce fita ki yi tafiyar sauri. Matar kulle ta bi ta ina? A dā surfe da daka da jan guga sun ishe ta motsa jiki. Yanzu injin niƙa da famfo sun ɗauke mata, ni kuwa ba zan tsaya a nan in ce a komar da iyayenmu mata bakin turmi ba. Hutun da suka samu hakkinsu ne. Sai dai a san cewa an cire wani abu, ba a kuwa mai da gurbinsa ba. An ce hau sikeli kowane mako. Sikelin da ke kusa na mai awon hatsi ne.

Kada a ce ina hasashe ne kawai. An gwada a Afirka ta Kudu. A wata unguwar talakawa ta birnin Kef Tawun an juya shirin nan na Amurka zuwa harshen mutane, aka sa ma'aikatan lafiya na unguwa su koyar. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna nauyi bai ragu yadda aka so ba, ko da yake sukarin jini ya ɗan sauka. A Indiya kuwa, a birnin Cennai, binciken da aka buga a 2006 ya nuna gyaran ci da tafiya sun rage kamuwa da ciwon sukari da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali nauyin mutanen kusan bai motsa ba. Watau sikeli ba shi kaɗai ne alƙali ba.

Ko shi kansa awon Quetelet da na ce ku riƙe, an gane ba ya yi wa kowa adalci. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta saukar da iyakar ga mutanen Asiya da baƙar fata: a wurinsu ƙiba tana farawa daga 27.5, domin ciwon sukari yakan kama su tun nauyi bai kai na Bature ba. Mai tsawon mita 1.7 ɗin nan, tun yana kilo 80 ya kamata ya farga.

Ni a ganina, abin da zai karɓe mu yana cikin gidajenmu, sai dai a kakkaɓe shi. Gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da taliyar leda riƙe ciki, ba sa kuma ɗaga sukari da sauri kamarsu. Wake, da ɗanwake, da kwaɗon zogale ko na rama, da miyar kuka da kuɓewa, ba sai an je kanti ba. Abin takaici, mu 'yan boko mu ne muka fara kiransu abincin ƙauye. Malmala uku ta koma biyu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ludayin mai ya ragu. Fura a dama ta ba sukari, kamar yadda kakanninmu suka sha ta. Lemon kwalba ya koma abin ranar suna. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta hana kowa sha. Addini ma ya riga likita: kowane ɗan Islamiyya ya san koyarwar kasa ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Mu ne dai muka mai da buɗa-baki a watan azumi ya zama ramuwar gayya, har wasu su fito daga Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Wurin koyarwa shi ma sai an dube shi. A birnin Los Anjalis an kai maganar hawan jini shagunan aski na baƙar fata, aka haɗa masu aski da masana magunguna, sakamakon da aka buga a 2018 kuwa ya ba likitoci mamaki don kyau. Dalili, an tarar da mutane a inda suka saba zama, a bakin wanda suka yarda da shi. Mu namu wuraren su ne majalisar ƙofar gida, da makarantun Islamiyya na matan aure, da gidan suna, da bakin ungozoma, da mumbarin Juma'a. Matan gida ɗaya in suka haɗu su huɗu suka zagaya tsakar gida bayan sallar asuba, ba wanda ya keta kulle. Malamar Islamiyya in ta ce ramewar da aka yi da niyya lafiya ce, uwar miji za ta saurara fiye da in takarda ce ta faɗa.

Yayyena ma'aikata, musamman na sashen lafiya, wata rana za a aiko muku da shiri irin wannan a cikin kwali, da littattafai masu sheƙi. Amurkawa sun gane shirinsu ya bar wasu a baya ne domin sun rubuta ko su wane ne suka shiga. Ku ma ku buɗe rajista, amma da namu gidajen: mace ko namiji, cikin gari ko ƙauye, sana'a, tana fita ko ba ta fita, wa ke cefane. Wadda ta zo sau biyu ta daina, a aika a tambaye ta dalili kafin a rubuta mata taurin kai.

Akwai kuma wani awo da ba ya bukatar sikeli ko lissafi, hukumar nan ta Ingila ma ta amince da shi a 2022: kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka. Ka sami zare, ka auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi ɗan sama da cibiya. In bakin zaren ya haɗu har da saura, madalla. In ya ƙi haɗuwa, ka je a auna maka jini da sukari. Na ajiye ƙullin zare da reza a kan teburin bakin ƙofa. Malam Shugaba, da izininka, manyan baƙinmu na sahun gaba su za su fara.